Hannun da ke saita agogon tsere

Agogon hannu na gama-gari aiki ɗaya gare shi, ya faɗa maka lokaci. Wanda ake kira kuronograf kuwa yana da ƙarin allura da ke tsaye cik sai ka latsa maɓalli, ta tashi da gudu, ka sake latsawa ta tsaya, ka taɓa na ƙasa ta koma mazauninta. Tun 1821 Nicolas Rieussec ya ƙera na'urar auna gudun dawakin sukuwa a Faris. Matse wannan dabara cikin abin da za a ɗaura a wuyan hannu, ba batir, nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Latsawar farko tana juya wani ɗan faifai mai ginshiƙai, shi kuma ya saki sandar da ke haɗa haƙoran giyar allurar da na giyar da ke tafiyar da agogon. Haƙoran nan ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai. In sun cije da yawa, agogon ya ji nauyi, lokacinsa ya rikice. In cizon bai kai ba, allurar ta riƙa tsalle. Maƙerin zai zauna da matsefata da ɗan sukudireba, ya murɗa sukuru ɗan kaɗan, ya gwada, ya sake murɗawa. Wajen mayar da allura sifili kuwa, wata 'yar guduma ce ke bugun ƙarfe mai siffar zuciya, dabarar da Adolphe Nicole ya yi wa rajista a 1844. Duk inda allurar ta tsaya, bugu ɗaya ya isa.

A garin Glashütte na Jamus, kamfanin A. Lange & Söhne sau biyu yake harhaɗa kowane agogo. A haɗa, a saita, a tabbatar komai ya zauna, sannan a wargaza shi kaf, a wanke, a goge, a sake haɗawa da sukurorin da aka gasa har suka zama shuɗi. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Ni dai ban ga haka ba.

Shi ya sa a tarukan masu tara agogo, irin na RedBar da ya faro a New York, ba a cika tsayawa kallon fuskar agogo ba. Kowa ya kwance nasa ya ajiye kan tebur, a kife shi, a leƙa ta gilashin baya, a latsa maɓalli a ji laushinsa a yatsa. Hoto ba ya nuna wannan.

Kada kuma a ɗauka ado ne kawai. A 1970, da kumbon Apollo 13 ya samu matsala, da kuronograf ɗin Omega Speedmaster 'yan sama jannatin suka auna sakan 14 na kunna inji don gyara hanyarsu ta dawowa duniya.