Ƙarfe ba ya mantuwa: inda ƙa'idar Miner ta gaza

Idan ƙarfen da ke riƙe da tayar babbar mota ya karye a Kajiji, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, abin da za ka fara ji shi ne: "Ai kwatsam ya ɓalle." Da wuya hakan ta zamo gaskiya. Yawanci tsaga ce ta daɗe tana cin ƙarfen a ɓoye, kowane juyin taya yana ƙara mata ɗan tsawo. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Sassa da yawa na mota, irin su karanshaf da mariƙin taya, ana yin su da ƙarfen zubi mai lanƙwasuwa. Keith Millis ne ya gano shi a Amurka a 1943, da ya zuba maganiziyam a narkakken ƙarfe. Girafayit ɗin da ke ciki, wato baƙin nan na fensir, sai ya dunƙule kamar ƙwayar gero maimakon ya zama ɓawo-ɓawo mai kaifi. Shi ya sa wannan ƙarfen yake ɗan lanƙwasa kafin ya karye.

To yaya injiniya ke lissafa kwanansa? Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce wadda Palmgren ya kawo a 1924, Miner ya yaɗa a 1945. Lissafinta kamar na bashi ne: idan wani nauyi zai karya ƙarfe bayan juyi 100,000, to juyi 50,000 ya ci rabin ransa. Sai a yi ta tara rabi da kwata, ranar da suka cika ɗaya ƙarfe ya karye. Tana da sauƙi, kuma ta yi wa masana'antu aiki. Amma ta ɗauka cewa jerin da nauyi ya zo da shi ba shi da tasiri, kuma nan ne take tuntuɓe.

Motar da ta ɗauko siminti daga Kalambaina, ta wuce Bodinga da Shagari, ta faɗa rami, ta dawo wayam, ba nauyi iri ɗaya take sha ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan nauyi mai tsanani ya zo sau ɗaya a kan tsagar da ta riga ta fara, ƙarfen da ke bakinta yana miƙewa, sannan ya matse ta, sai gudunta ya ragu na wani lokaci. Wolf Elber ya bayyana irin wannan rufewar tsaga a 1970. Amma idan bugu ya biyo baya ta ɗaya ɓangaren, wannan sauƙin yana iya gushewa. Nauyi biyu iri ɗaya, jeri daban, sakamako daban. Ƙa'idar Miner ba ta ganin wannan.

Kada direba ya ce ashe lodi fiye da kima magani ne. Dokar Paris, ta farkon shekarun 1960, ta nuna cewa a ƙarafa da yawa, ninka nauyi sau biyu yana ninka gudun tsaga kusan sau 8.

Akwai gazawa ta biyu. Ƙa'idar tana ƙirga juyi ne kawai, ba ta leƙa cikin ƙarfen. Ƙwayoyin girafayit ba su manne da ƙarfe sosai ba, suna iya ɓamɓarewa su zama ƙananan ramuka. Ga kuma kogunan da kan rage lokacin da zubi ke hucewa, waɗanda daga nan tsaga ta fi farawa. Sassa biyu daga tukunya ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a tsawon rai.

Saboda haka a ɗauki Miner a matsayin ƙiyasi, kada ta hana dubawa. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suna da dabara mai arha: a wanke ƙarfe, a jiƙa shi da mai haɗe da kananzir, a goge, a shafa alli. Inda tsaga take, mai zai fito ya ɓata allin. Bakanike a Kajiji zai iya yin wannan yau. Idan kuwa ta bayyana a mariƙin taya, a canza shi. Walda a kan irin wannan ƙarfen tana iya barin gefenta da gautsi, kuma mota ɗauke da mutane ba wurin gwaji ba ce.