Masu Raɗa wa Alamomin Rubutu Suna

Malamin Hausa a firamaren Karaye ko Rogo yana cin gajiyar wata gwaninta da ba kasafai ake yaba wa masu ita ba. Idan ya ɗiga ɗigo a ƙarshen jimla ya ce "aya", yara ba sa neman ƙarin bayani, domin yawancinsu sun ratsa makarantar allo kafin su ga alli, sun san aya wurin tsayawa ce.

Alamomin nan da boko suka zo, da sunayensu na Turanci. Waɗanda suka mayar da su Hausa ba su tsaya bin kalmar Bature ba. Sun dubi siffar kowace alama da aikinta, suka nemo mata suna a bakin alarammomi. Gajeriyar tsayawa ta zama waƙafi, kalmar da mai tilawa ya daɗe da sani. Ɗigo biyu a tsaye suka zama ruwa biyu, don a tsangaya ɗigon baƙi ruwa ake ce masa. Aka haɗa waƙafi da ɗigo, sai ga waƙafi mai ruwa. Wanda ya fi burge ni shi ne karan ɗori, 'yar sandar da ke haɗa kalma da kalma kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya da kara. Akwai kuma baka biyu, da zarce, da alamar motsin rai.

Dabarar tsohuwa ce. Tun kafin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, malaman allo sun yi wa baƙaƙen Larabci irin wannan hidima a karatun babbaƙu: an likkafa, mim jaye, ba guje, alu ja. Yaro na jin sunan, ya ga harafin a zuci. Daga baya masana suka tattara irin waɗannan kalmomi na nazarin harshe a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya fito a 1990.

Mutanen Fotugal da Barazil ma haka suka yi da alamar @ ta adireshin imel. Suna kiran ta arroba, sunan wani tsohon ma'auni da har yau ake auna shanu da shi a Barazil, kilo 15. Asalin kalmar Larabci ne, tushenta ɗaya da rubu'i namu.

Mu kuwa wayar hannu ta shigo mana da sababbin alamomi, muna ta kiran su da sunan aro, har a wurin sa kati. Malaman Hausa da alarammomin ƙasar Karaye da Rogo, ku da kuka gaji wannan fasaha, ku dubi alamomin nan da kyau ku raɗa musu suna, yara za su ɗauka.