Littafin Nkrumah da Mutanen Nima

A 1965 Kwame Nkrumah ya wallafa littafinsa a kan sabon mulkin mallaka. Hujjarsa ita ce, Turawa sun ba da mulki amma sun riƙe tattalin arziki. Mazauna Nima da Maamobi a Ankara sun ga gaskiyar wannan. Da Gana ta karɓi sharuɗɗan IMF da Bankin Duniya a 1983, aka karya darajar sidi, aka sallami dubban ma'aikata, daga baya magani a asibiti ya koma sai da kuɗi a hannu. Masu ba da bashin suna Amurka, amma mai sayar da koko a Nima ta sha wahalarsa.

Sai dai littafin ya fi duban azzalumin waje. A 1969 gwamnatin Busia ce, ba Bature ba, ta kori dubban baƙi daga zangunan nan. Annabi Amos ya fara da laifin al'ummai, sa'an nan ya juya kan Isra'ila mai tattake matalauta. Wajibi ne ikkilisiya ta tsauta wa azzalumi, na waje da na gida duka.