Bangon Faifai da Fuskar Makaɗi a Birnin Jidda

Faifai a wurin Bahaushe tun asali abin rufi ne. Mata ne ke saƙa shi da kaba, su rufe ƙwaryar fura ko ta nono. Da garmaho ya iso ƙasar Hausa, mutane suka ga wannan baƙin abu mai kewaye da a ke ɗora wa allura, sai suka ce ai faifai ne, sunan kuwa ya bi shi. To, ga shi abin rufi ya zama shi ma sai an rufe shi, gama faifan garmaho ba ya son ƙura, ba ya son karce. Kwalin da a ke sa shi ciki shi ne bango, kamar yadda a ke cewa bangon littafi. Kalman nan kuwa ita ce dai ta bangon ɗaki. Wanda ke koyon Hausa ya riƙe ma'anonin nan biyu, don gardamar da za a duba a nan ta tsaya a kan ko bangon faifai taga ce ko katanga.

Da fari ba a damu da bangon ba. Takarda ce kawai mai ruwan ƙasa, da rami a tsakiya. Wajen shekara ta 1940 wani mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, ya fara yi wa bangon faifai zane na musamman, aka ga ciniki ya ƙaru. Cikin 1948 kamfanin ya fito da babban faifai mai faɗin inci 12, sai mai zane ya sami fili sosai. Tun daga nan mai saye ya kan ga faifai kafin ya ji shi, kuma ya kan yanke masa hukunci tun bai kai shi gida ba.

Ba inda gardamar bango ta fi zafi kamar wurin masu son kiɗan da Turawa ke kira fok rok, watau waƙoƙin gargajiya da aka haɗa su da jita mai lantarki da manyan ganguna. Dalili kuwa a fili ya ke. Makaɗin irin wannan kiɗa yana da iyayengiji biyu: tsofaffi masu cewa kada a taɓa kayan kakanni, da samari masu cewa a ƙara wuta. Cikin 1965, sa'ad da Bob Dylan ya hau dandali a Newport da jita mai lantarki, waɗansu daga cikin masoyansa ihu suka yi masa. Saboda haka in sabon faifai ya fito, kowa ya kan duba bangon ya ga wane gefe makaɗan suka karkata.

Birnin Jidda ya ƙara wa wannan gardama wani nauyi da ba ta da shi a Ingila ko Amurka. Jidda ƙofar Makka ce tun zamanin Halifa Usmanu, kuma ba irin mutanen da ba su sauka a cikinta ba. Hausawa ma sun daɗe a can. Zuriyar alhazan da suka tafi da ƙafa ta Sudan suka zauna, su ne a ke yi wa laƙabi da Hausawi har yau. Garin kiɗa ne kuma. Muhammad Abdu a nan ya tashi, Abadi al-Jauhar mai kaɗa molon Larabawa a nan aka haife shi, Talal Maddah ma ɗan Hijaz ne. Da kaset ya yaɗu, bangon kaset ɗin waɗannan mawaƙa bai ta da wata gardama ba: hoton mawaƙi ne da farar riga da ƙyalle a kai, da sunansa. Haka kuma bangon faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos ya ke a ƙasar Hausa, mutum da kayan kiɗansa. Mai saye ya ga fuska, ya biya, ya tafi.

Amma fa wannan sauƙi na maza ne. A shagunan Saudiyya an daɗe ana gyara bangon kaset da faifai na mawaƙa mata na ƙasashen waje, a ƙara wa riga hannu, ko a shafe kafaɗa da baƙin alƙalami. Mace 'yar ƙasa kuwa abin ya fi haka wuya. Itab, wadda sunan danginta Hausawi, ta fara da waƙar biki, amma a Masar ta zauna ta ci gaba da sana'arta, a Alƙahira kuma ta rasu cikin 2007.

Cikin 2008 waɗansu 'yan mata huɗu na Jidda suka haɗa ƙungiyar kiɗan jita, suka sa mata suna The AccoLade. Waƙarsu ta farko, "Pinocchio", ta intanet ta yaɗu, har jaridar New York Times ta ba da labarinsu a watan Nuwamba na shekaran nan. A lokacin ba su da damar yin wasa a bainar jama'a, ba su da damar tsayawa a ɗauke su hoto don bangon faifai, ko gwajin kiɗa ma a ɓoye su ke yi. Mai kaɗa musu jita, wadda ta kafa ƙungiyar, ɗalibar zane ce, ita ce kuma ta ɗauko sunan daga wani zane da Baturen Ingila Edmund Blair Leighton ya yi cikin 1901. Ta haka zanen ya zama musu bango ba tare da an buga shi a kwali ba, gama duk wanda ya nemi sanin ma'anar sunan, a kan zanen zai faɗa.

Ya kamata a duba zanen da kyau. Sarauniya ce tsaye da doguwar farar riga, gashinta ya zubo har baya. Gabanta wani barde ya durƙusa, sanye da sulke da jar riga, ya sunkuyar da kai. Ta ɗora masa takobi a kafaɗa, watau tana naɗa shi sarautar barde. Can gefe jama'a na kallo. Abin lura shi ne fuskar macen ce a bayyane, ta namijin kuwa ta juya, ba a ganinta sosai. Ita ce a tsaye, ita ce mai ba da girma, a gaban taro kuma. Ko wane abu da aka hana 'yan matan nan, yana cikin zanen. Wanda ya ce zaɓen nan ba hikima cikinsa bai duba ba.

A kan irin wannan bango masu son kiɗa su kan rabu kashi uku. Na farko su ne masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurinsu bangon da ba fuskar makaɗi ruɗi ne, gama mai sauraro yana so ya san wanda ke yi masa magana. Na biyu suna ganin fuska ba ta da amfani, kunne ne alƙali, zane mai kyau ya isa. Na uku ba ruwansu da fuska ko rashinta, tambayarsu ɗaya ce: zanen na ina ne? In makaɗan 'yan Jidda ne, me ya kai su aron sarauniyar Turai?

Kashi na farko suna da gaskiya a ƙa'ida, amma ba su yi wa 'yan matan adalci ba. Ba a zargin wanda aka ɗaure wa ƙafa da rashin gudu. Cikin 2008 hoton fuska zai iya jawo wa yarinya da iyayenta abin da waƙa ba za ta biya ba. Kashi na biyu kuma sun yi sauƙin baki, don sun mai da dole kamar zaɓi. Akwai bambanci tsakanin makaɗin da ya ɓoye fuskarsa don ya ga dama, da wanda aka ɓoye masa ita. Maganar kashi na uku ce ta fi nauyi. Hausawa su kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Leighton kansa bai ga abin da ya zana ba, zamanin barade ya shuɗe da ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi, mafarkin mutanen Ingila ya zana. Ashe aro ne a kan aro. Zanen ya faɗi abin da 'yan matan ke so, amma bai faɗi ko su wane ne ba, bai kuma faɗi garinsu ba. Wanda ya gan shi ba zai ji ƙanshin Bahar Maliya ba.

Akwai bangon da ya warware irin wannan ƙulli, ko da ya ke a wata ƙasa ne, ba kuma don dole ba. Cikin Yuli 1969 ƙungiyar Fairport Convention, wadda ke cikin shugabannin fok rok na Ingila, ta fitar da faifanta mai suna Unhalfbricking. Ba sunan ƙungiya a gaban bangon, ba sunan faifai. Dattijo ne da dattijuwa tsaye a bakin ƙofar gidansu a Wimbledon, iyayen Sandy Denny mawaƙiyar ƙungiyar. Bayansu akwai shinge mai ramuka, ta cikin ramukan ne a ke hango makaɗan ƙanana a lambu, can nesa kuma ga hasumiyar coci. Tsofaffi a gaba, samari a baya, shinge a tsakani wanda bai hana gani ba: ma'anar kiɗan ke nan gaba ɗaya, ba a rubuta ko harafi ba. Wata biyu kafin faifan ya fito, mai ganga na ƙungiyar, Martin Lamble, ya rasu a haɗarin mota, yana da shekara 19, saboda haka hoton lambun ya zama abin tunawa da shi. Da faifan ya ƙetara Amurka, kamfanin A&M ya cire hoton ya sa na giwayen wasa. Waƙoƙin ba su sāke ba, amma mai saye a can ya rasa mabuɗinsu.

Aron tsohon zane ma ba laifi ba ne in ya dace. Cikin 2008, shekarar da 'yan matan Jidda suka fara, ƙungiyar Fleet Foxes ta Amurka ta sa wa faifanta na farko zanen da Pieter Bruegel ya yi cikin 1559, wanda ya tara karin magana fiye da ɗari na mutanen ƙasarsa, ko wanne da mutanen da ke aikata shi. Daga nesa ƙauye ne mai daɗin gani, in an matso sai a ga wauta da wahala ko ina. Kiɗan da ke jingina da maganar talakawan dā, zanen karin magana ya yi masa daidai.

Abin mamaki shi ne Jidda tana da shingenta mai ramuka, wanda ya girmi na Wimbledon nesa. Tsofaffin gidajen unguwar Al-Balad, waɗanda aka gina da dutsen murjani, suna da manyan tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa kan titi, ana kiransu rawashin. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iska kuwa da murya suna wucewa. Ba wani hoto da ya kai wannan dacewa da mawaƙiyar da a ke jin muryarta ba a ganinta. Garin kuma bai rasa masu zane ba. Safiyya bint Zagar, wadda ta nuna zanenta a Jidda tun 1968, ta rasu cikin 2024, ta ƙare rayuwarta tana zana matan Hijaz da tufafinsu da bukukuwansu. Magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, daga 1972 zuwa 1986, ya cika tituna da bakin teku da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe, har da ƙaton keke da manyan fitilu. Mutanen Jidda sun daɗe da sanin yadda a ke faɗin abu da sura ba tare da fuska ba.

Yanzu al'amura sun sāke. Cikin 2016 aka rage ikon 'yan hisba, aka kafa hukumar nishaɗi. A watan Janairu 2017 Muhammad Abdu ya yi wasa a Jidda a gaban jama'a bayan shekaru ba a yi irinsa ba. Al-Balad, wadda ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO cikin 2014, an yi babban bikin kiɗa a cikinta a Disamba 2022. Mata suna hawa dandali, suna sa hotonsu a bango in sun so. Faifan kansa ya koma cikin wayar hannu, bangon da a dā ya kai inci 12 ya zama kamar kan sarki.

Wannan sauyi ya kawo nasa haɗari. Tun da tagogin Al-Balad sun zama abin tallar yawon buɗe ido, makaɗin da ya manna su a bangonsa alhali ba ko gangar mizmar ɗaya cikin kiɗansa, shi ma aro ya yi, sai dai daga maƙwabci. Wanda kuma ya cika bangon da fuskarsa don kawai an ba shi dama, ya nuna 'yancinsa, amma bai nuna kiɗansa ba tukuna. Ma'aunin bango ɗaya ne a Jidda da Kano da London: bayan an ji waƙa ta ƙarshe, a koma a dube shi. In an ga wani abu a ciki wanda ba a gani ba da fari, bangon taga ne, ya yi aikinsa. In kuwa yana nan yadda ya ke, kwali ne kawai na kare ƙura.