Gwanintar Mai Haɗin Sabulun Salo a Dichemso

A Kano ko Zariya, idan amarya ta ce a nemo mata sabulun salo ɗan Gana, ta san abin da take nema. Su kuwa matan Zangon Kumasi, daga Dichemso zuwa Aboabo, a gabansu ake sarrafa shi. Kayan haɗin daga ɓangarori biyu na ƙasar suke zuwa: ɓawon koko da ɓawon ayaba da man alayyadi daga kurmin Ashanti, man kaɗanya kuma daga arewa, wajajen Tamale da Wa da Bolgatanga. A Kumasi suke haɗuwa, a kasuwanni irin su Kejetia.

Aikin daga toka yake farawa. Ana shanya ɓawon koko ya bushe ƙayau, a ƙone shi, a jiƙa tokar, a tace. Ruwan da ya fito cike yake da sinadarin fotash mai kaifi, wanda ke narka mai ya mayar da shi sabulu. A nan ake gane gwana. Takan ɗan lakaci ruwan ta murza tsakanin yatsu, santsinsa ya gaya mata ƙarfinsa. Sai ta zuba shi cikin mai a kan wuta kaɗan-kaɗan, tana tuƙawa da muciya har ya yi kumfa, ya kumburo, ya kama jikinsa. In ruwan toka ya yi yawa, sabulu zai ci fata. In mai ya rinjaya, zai yi laushi ya ƙi kumfa. Ba sikeli gare ta ba, ido da hannu ne ma'auninta.

Sirrin man kaɗanya shi ne akwai wani kaso a cikinsa da ruwan toka ba ya iya mayarwa sabulu. Cikin wannan kaso ake samun bitamin E da sinadarai irin su lupeol, masu kwantar da kumburin fata. Bitamin E kuma yana rage saurin lalacewar mai idan iska ta shige shi. Shi ya sa gwana ba ta sayen man da aka yi da ƙwarar da ta yi hunhuna, ko wanda wuta ta ƙona wajen suya. Takan shinshina, ta shafa a bayan hannu ta ga yadda yake narkewa, kafin ta ce, "Hajiya, nawa kika bar shi?"

Bayan sabulu ya huce sai a zo kan haɗi. A daka shi a turmi, a zuba garin ganyen darbejiya, da kurkum, da zuma, wasu har da lalle. Kowanne da aikinsa. An gwada ruwan darbejiya a kan ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru da ƙuraje, an ga yana hana ta yaɗuwa. Kurkum na ɗauke da curcumin, lalle kuma da lawsone, wanda ke kama fata ya ba ta ja. Zuma a ƙarshe ake sa ta, don zafi yana kashe mata ƙarfi.

Irin gwajin da aka yi wa ruwan darbejiya ake yi a sashen haɗa magunguna na Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, wadda aka buɗe a 1952, da cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong-Akuapem da aka kafa a 1975. Ana shuka ƙwayoyin cuta a faranti, a ɗiga ruwan ganye, washegari a auna faɗin da'irar da suka kasa tsirowa. Wajen auna ƙarfin hana lalacewa kuwa, ana zuba ruwan ganyen cikin sinadarin DPPH mai launin shunayya. Iya ƙarfinsa, iya yadda launin zai koɗe ya koma rawaya.

Gwanar kirki ta san iyakar sana'arta. Sabulu ba ya daɗewa a jiki kafin a ɗauraye shi, don haka ba ta yi wa kowa alkawarin warkar da makero ko ƙyasfin da ya yi nisa. Wannan na asibiti ne. Ba ta kuma sa man bilicin don jawo kasuwa. Mai busasshiyar fata takan ƙara mata man kaɗanya, mai maiƙon fuska ta rage, na jariri kuwa ta cire duk wani abu mai zafi. Shi ya sa kafin ta auna wa mace ko curi ɗaya, sai ta dubi fatarta tukuna.