Ido da Sha'awa a Karatun Malaman Talmud

A cikin Talmud na Babila, kundin muhawarar malaman Yahudawa da aka haɗa a ƙasar da ake kira Iraƙi yau, wajen ƙarni na 6, akwai labarin wani mutum da son wata mace ya kwantar da shi. Masu magani suka ce ba zai tashi ba sai ya sadu da ita. Malamai suka ce gara ya mutu. Aka sassauta, aka ce ta tsaya tsirara a gabansa kawai. Suka ƙi. Aka ce to, ko ta yi masa magana ta bayan danga. Nan ma suka ƙi. Labarin yana babin Sanhedrin, shafi na 75.

Dalilan da aka kawo na zamaninsu ne: kare mutuncin danginta da gudun buɗe ƙofar lalata. Ba wanda ya tambayi ra'ayinta, kuma wannan giɓi ne babba. Duk da haka hukuncin yana da nauyi a wurina, domin ya hana a mai da jikin mace maganin cutar namiji, ko da ransa ne ke cikin haɗari.

Malaman ba su ɗauki sha'awa a matsayin ƙazanta ba. Suna lissafa ta cikin "yetzer hara", wato zuciyar da ke jan mutum ga ɓarna, amma sun ce da babu ita da ba wanda zai gina gida ko ya yi aure. Babin Yoma ya ba da labarin dattawan da suka kama ta suka tsare kwana 3, sai aka nemi sabon ƙwan kaza a duk ƙasar aka rasa. Dole suka sake ta bayan sun rage mata ƙarfi. A cikin aure ma, kwanciya haƙƙin matar ne a kan miji, kuma babin Eruvin ya haramta masa tilasta mata.

Inda al'adar ta rabu biyu shi ne batun kallo. Babin Berakhot ya yi wa namiji kashedin azaba idan ya ƙirga wa mace kuɗi a hannu don ya samu damar ƙare mata kallo, komai iliminsa. Nan laifin na mai ido ne. Amma babin nan dai ya ƙidaya murya da gashin mace cikin al'aura, a tattaunawar da ta shafi lokacin addu'a. Wasu masu tsananin riƙo na yau sun faɗaɗa wannan har ya mamaye titi da jarida. A 2011 wata jaridar Yahudawa a Brooklyn ta goge Hillary Clinton daga hoton Fadar White House, a 2015 wata a Isra'ila ta goge shugabar gwamnati Angela Merkel daga hoton wani jerin gwano a Paris. Abin ya kai har cikin bas, sai da Kotun Ƙolin Isra'ila ta hana tilasta wa mata zama a bayan bas a 2011.

Wanda ya goge shugabar gwamnati daga hoto bai ga shugaba ba, jiki kawai ya gani, daidai da mai tallan da ke tuɓe ta don sayar da kaya. Malaman farko sun san irin wannan tsoron Allah mai karkata. Babin Sotah ya kira mutumin da ya ga mace tana nutsewa a kogi, ya ƙi ceto don kada ya kalle ta, wawan mai ibada, ya kuma sa shi cikin masu rushe duniya.