Majalisar Masu Motar Kara

Da zarar an gama girbi a ƙauyukan Kiru da Bebeji, ko can Tudun Wada da Doguwa a bakin dajin Falgore, kara ya bushe, sai wata 'yar masana'anta ta buɗe a gindin bishiya. Yara biyar ko shida ne zaune, kowa da reza ko tsohuwar wuƙa, ana feƙe sillen kara, ana yanka tsohon silifas a fitar da taya, ana farke gwangwanin madara a daddale shi da dutse. Abin da ke bin hanyar Kano zuwa Jos shi ake kwaikwaya: tirela, tifa, a-kori-kura. Wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa ya ratsa tashar Dangora sai ya jera gwangwanayen kifi, ya ɗaure su da waya, ya ce taragai ne. Mai wucewa motar yake kallo, alhali abin nazari yana cikin maganar da ke tashi. "Kai, tayarka ta karkace, sake huda ta a tsakiya." "Kada ka sa ɗanyen kara, in ya bushe zai saki." Ba mai ɓoye wa ɗan'uwansa dabara, kuma a ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sana'a a wurinmu gado ce, gado kuwa da sirrinsa. Maƙeri da majemi da mai rini kowa yana da abin da ba ya faɗa wa bare, yaron shago ma yakan daɗe yana shara da zuwa aike kafin maigida ya bar shi ya taɓa abin da ya zo koyo. Ba mugunta ba ce, abincin mutum ne a cikin sirrin. A majalisar masu motar kara babu ciniki, saboda haka ba abin da rowar sani za ta kare. Girman yaro a wurin yana ga yawan waɗanda suka kwaikwayi sitiyarinsa. Shi ya sa nake ganin wannan hira ita ce makarantar ƙere-ƙere mafi buɗaɗɗiyar ƙofa da muke da ita, sai dai muna sallamar ɗalibanta tun ba su kai ko'ina ba. Yaro na fara tasawa za a ce masa girma ya kama shi, ya bar wasan yara. Ya tashi da duk abin da ya gano, na bayansa su faro daga tushe.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai irin wannan majalisa, amma dattawa ne a cikinta, masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa da layin dogo da tashoshi a kan tebur. A Landan akwai ƙungiyarsu da aka kafa tun 1910, shekara guda kafin dogo ya iso Kano a 1911. Hirarsu ba ta da nisa da ta gindin bishiya: wane man za a ɗiga wa inji, me ya sa tarago ke sauka daga layi a kwana. Abin da ya ba hirar tasu tsawon rai shi ne ma'auni. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da tsayayyen faɗin layi a 1891, masu sha'awar abin a Amurka suka kafa ƙungiya ta ƙasa a 1935 don daidaita awo. A ma'aunin da ake kira HO, komai kashi ɗaya ne cikin 87 na ainihin girmansa, faɗin layi milimita 16.5. Da haka shawarar da wani ya bayar shekaru 50 da suka wuce tana aiki a teburin wanda bai taɓa ganinsa ba. Wanda ke ganin awo ƙaramar magana ce ya dubi dogonmu na gaske: tsohon layin Kano faɗinsa milimita 1,067, sabon da aka ƙaddamar da aikinsa tsakanin Kano da Kaduna a 2021 kuwa 1,435, jirgin wannan ba ya hawa wancan.

Za a ce ai wannan nishaɗin masu hali ne, mutanen da suka ƙoshi kuma wuta ba ta ɗauke musu. Gaskiya ne kayan suna da tsada. Amma tsadar a kaya take, ba a hirar ba, kara da waya kuwa ba wanda ya rasa su a Doguwa. Za a kuma ce yaron bai yi asara ba, tunda da yawansu gareji suke komawa ko shagon walda. Wannan hujja ta fi ƙarfi, don lallai hannun da ya saba da huda taya ba ya jin baƙunta da sifana. Sai dai gareji yana mayar da yaro ƙarƙashin tsarin maigida da yaronsa, inda ake gyara abin da wani ya ƙera, kuma ba a gwaji da motar mutane. A gindin bishiya ne kaɗai yake da damar ɓata abu sau goma ba wanda ya ci shi tara. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar ɗalibai masu wasa da ƙaramin jirgi da aka kafa a 1946 ita ta yaye wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko, kuma a wajen wasa da wayoyin sigina a ƙarƙashin tebur suka goge.

Ba kuma za a ce Bahaushe babba bai san sha'awa ba. Masu kiwon tantabara a Kano magidanta ne, suna zama su yi ta musu a kan launi da asali, ba mai ce musu yara. Masu sauraron rediyo sun daɗe da ƙungiyoyinsu na zumunci. Kunyar a kan abu ɗaya ta faɗa, wato a ga mai gemu yana aikin hannu da ba kuɗi a ciki. Tantabara ana sayar da ita, shi ya wanke mai ita. Motar kara kuwa, ko kanikawan da suka fi kowa iya ta suna yara, in sun wuce majalisar sai dai su saci kallo su yi gaba, yaran kuma su ci gaba da gardama a kan yadda za a sa tirela ta yi kwana ba ta kife ba.